Kurakuran da masu manyan motoci suka fi yi da maganin man dizal

Duk inda direbobin manyan motoci suka zauna hira, ba a rasa wanda zai jefo tambayar nan: maganin da ake zubawa a tankin dizal yana aiki kuwa, ko ɓarnar kuɗi ce kawai? Idan ni aka tambaya, nakan ce a fara gaya mini abin da ke damun motar. Wanda ya kasa amsa wannan, ga shi kuma da kwalba a hannu, ya riga ya yi kuskuren farko, wanda daga gare shi sauran suke fitowa: sayen magani ba tare da sanin cuta ba.

Abin da ake kira maganin mai ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai wanke dauɗar nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin injin, akwai mai ƙara wa mai santsi, akwai mai hana shi daskarewa, akwai mai kashe ƙwayoyin da ke rayuwa a tanki, akwai kuma mai ɗaga lambar siten, wato ma'aunin saurin kamawar mai idan an fesa shi cikin injin. Kowanne da aikinsa. Sannan man da aka tace bisa ƙa'ida yakan baro ma'ajiya da nasa sinadaran a ciki. Ƙa'idar Turai, EN 590, ta ce siten kada ya gaza 51. Ta Amurka, ASTM D975, ta tsaya a 40. Dukansu biyu sun sa iyaka a kan santsi, ta hanyar auna girman tabon da ƙarfe ke yi idan ya gogi ƙarfe a cikin man: kada tabon ya wuce mikron 460 a Turai, 520 a Amurka (mikron dubu ne milimita ɗaya). Saboda haka motar da take da lafiya, tana shan mai mai kyau, tana kan hanya kullum, galibi ba ta buƙatar ƙarin komai. Kafin ka sayi ko kwalba ɗaya, buɗe littafin da kamfanin injin ya bayar. Wasu kamfanoni sun hana, wasu sun yarda da takamaiman iri a takamaiman yanayi, kuma idan motar tana cikin garanti, maganarsu ce za a bi ranar da famfon da ke tura mai cikin injin ya lalace.

Mafi yawan masu saye, rage shan mai suke nema, kuma nan ne zuciya ta fi yaudarar mutum. Magani ba ya ƙara wa litar dizal ƙarfin da ba ta da shi. Mai ɗaga siten yana sa injin ya tashi da sauƙi da sanyin safiya, ya rage ƙara da farin hayaƙi, musamman idan siten ɗin man ya yi ƙasa. Amma idan man ya riga ya wadatu, ƙarin ba ya haifar da wani abin kirki. Mai wanke nozul kuwa, abin da dauɗa ta ɗauke ne yake iya dawowa da shi, ba ya mayar da tsohon injin ya wuce yadda ya fito daga masana'anta. Direba ya zuba magani, ya sa rai, sai ƙafarsa ta yi sauƙi a kan totur bai sani ba, ya ga mai ya yi auki, ya ce maganin ne. Idan kana son gaskiya, ka auna. Cika tanki fal, rubuta kilomita, ka yi haka sau biyar ko shida ba magani, sannan ka maimaita da magani, a hanya ɗaya, da lodi kusan ɗaya, da direba ɗaya. Daga nan lissafin ba wuya: idan kuɗin maganin ya kai kashi 2 cikin ɗari na kuɗin mai, sai ragin ya haura kashi 2 kafin a ce ka ci riba. Sau da yawa za ka tarar rage gudu, daidaita iskar taya, da daina barin injin yana aiki mota na tsaye sun fi kowace kwalba tasiri. Kada kuma tambarin rajista a jikin kwalba ya ruɗe ka. A Amurka, alal misali, hukumar kare muhalli ta EPA tana yi wa irin waɗannan sinadarai rajista, amma rajistar ba shaida ba ce cewa suna yin abin da talla ta ce.

Inda na fi son a tsaya a saurara shi ne batun ruwa, domin shi ne ya fi cin famfo da nozul, kuma a kansa aka fi zuba maganin da bai dace ba. Ruwa yana shiga ta hanyoyi da yawa: raɓar da ke taruwa a jikin tankin da ba a cika ba idan dare ya yi sanyi, murfin da robarsa ta mutu, ko tankin ajiyar da aka ɗebo man daga ciki. Injin zamani yana tura mai da matsin da ya ninka iskar tayar tirela fiye da sau 200, ta cikin sassan da tazararsu ba ta kai kaurin gashi ba, kuma man ne kaɗai ke shafe su. Ruwa ba shi da wannan santsi. Yana kawo tsatsa, yana kankare ƙarfe, yana iya lalata bakin nozul.

To magungunan ruwa iri biyu ne, kuma kishiyoyin juna ne. Ɗaya yana tarwatsa ruwan ya gauraya da mai don ya bi ta injin ya fita. Ɗayan yana sa ruwan ya rabu, ya kwanta ƙasa, a tsiyaye shi. Motar da ke da filtar raba ruwa an gina ta ne a kan a tare ruwan kafin ya isa famfo. Idan ka zuba mata mai gauraya ruwa, ka taimaki ruwan ya tsallake mai gadinsa ke nan, kofin filta zai nuna maka tas, alhali ɓarna tana gudana a ciki. Mafi muni su ne waɗanda aka haɗa da sinadarin barasa, don suna rage santsin mai, suna kuma cutar da wasu robobi. Gyaran ba ya buƙatar kwalba: ka buɗe mazubin ƙasan filta akai-akai, ka tari abin da ya fito a kwalbar gilashi ka duba, ka riƙa cika tanki kafin mota ta kwana, ka sauya robar murfi. Idan ruwan ya yi yawa, a zuƙe shi daga gindin tanki.

Ruwan da aka bari ya daɗe kuma yana haifar da wata cutar. A daidai inda ruwa ya haɗu da mai, bakteriya da fumfuna suna samun wurin zama, suna cin man, suna barin wani baƙin yauƙi mai wari da ke toshe filta. Man da aka gauraya da sarrafaffen man tsirrai, wanda ake kira biodiesel, ya fi saurin kamuwa, don ya fi jan danshi. A nan maganin kashe ƙwayoyi ya cancanci kuɗinsa sarai. Amma mutane suna kuskure biyu. Na farko, su zuba ba su cire ruwan ba, bayan 'yan makonni cutar ta dawo. Na biyu, su manta cewa abin da ya mutu ba ya ɓacewa, gawarsa filta za ta nufa. Wanda ya zuba wannan magani ya kama doguwar hanya ba tare da filta ɗaya ko biyu a ajiye ba, yana iya kwana a gefen titi. Kuma guba ne, a sa safar hannu, kada a shaƙa.

Sai haɗe-haɗen gida, waɗanda aka gada daga zamanin tsofaffin injuna: tsohon baƙin mai, man giya, man injin ƙaramin babur, kananzir, har fetur. Na fahimci inda tunanin ya samo asali. Lokacin da aka rage farar wuta a dizal, zuwa kashi 15 cikin miliyan a Amurka daga 2006, da kashi 10 cikin miliyan a Turai daga 2009, aikin tacewar ya tafi da wasu sinadaran da ke ba mai santsi, mutane suka ji tsoro don famfunansu. Tsoron yana da tushe, shi ya sa ake mayar da santsin tun kafin mai ya iso gidan mai, kuma ko kashi 2 cikin ɗari na sarrafaffen man tsirrai a cikin dizal yana gyara shi sosai. Amma baƙin mai da man giya suna ɗauke da sinadaran ƙarfe da ba sa ƙonewa. Toka suke zama. A motar da ke da matatar hayaƙi ta DPF, baƙin hayaƙi yana ƙonewa idan matatar ta yi zafin tsabtace kanta, toka kuwa tana nan daram har sai an kwance an wanke ko an sayi sabuwa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Fetur ya fi haɗari: yana rushe siten, yana kashe santsi, yana kuma sa tururin cikin tanki ya zama mai saurin kama wuta. Kananzir ana gauraya shi a ƙasashe masu tsananin sanyi, amma santsinsa da ƙarfinsa ba su kai na dizal ba, don haka sai inda littafin injin ya yarda, da gwargwadon da ya faɗa.

Akwai kuskure ɗaya da yake faruwa cikin daƙiƙa kaɗan, kuma ya fi duk waɗannan tsada: zuba AdBlue a tankin mai. AdBlue ba maganin mai ba ne. Ruwa ne tsarkakakke da yuriya kashi 32.5 cikin ɗari, yana da tankinsa daban, mai shuɗin murfi a yawancin motoci, kuma cikin salansa ake fesa shi don rage gubar hayaƙi. Idan ya shiga tankin dizal, kada a tada mota, kada ma a murɗa makulli, don famfon tanki zai iya tura shi gaba. A ja motar, a zubar, a wanke. Duk wanda ke da sabon direba ko yaron mota, ya kama hannunsa ya nuna masa murfin biyu tun ranar farko.

Ga masu shiga ƙasashen sanyi, matsalar lokaci ce. Dizal yana da kaki a narke a cikinsa. Idan sanyi ya kai wani mataki, kakin yakan fara fitowa, man ya yi hazo, ƙwayoyin kakin su toshe filta. Maganin hana daskarewa yana sa ƙwayoyin su tsaya ƙanana su iya wucewa, amma sai ya gauraya da man tun kakin bai fito ba. Wanda ya jira sai mota ta ƙi tashi sannan ya zuba, ya makara. A lokacin sai dai a ɗumama motar a rufaffen wuri, a sauya filta, ko a nemi maganin gaggawa wanda aka yi musamman don narkarwa. Motar da ta cika tanki a yankin ɗumi ta nufi yankin ƙanƙara ita ta fi faɗawa wannan tarko, don man da ta sha ba a haɗa shi don hunturu ba. A zuba maganin kafin a sa bakin famfo, saukar man ce za ta gauraya shi.

An ce ido ba mudu ba, amma ya san kima. A wannan aiki dai ido bai isa ba. Wasu sukan ninka awo da tunanin aiki zai ninku, alhali yawan sinadarin na iya barin dauɗar da za ta liƙe cikin nozul ko ta toshe filta. Wasu kuma sukan haɗa na kamfani biyu ko uku a tanki ɗaya, ba wanda ya gwada yadda za su zauna da juna. Ka auna da litar da za ka zuba, ba da girman tanki ba, kuma idan tankunan biyu ne, kowanne ya samu rabonsa.

Abin da ya fi damuna shi ne mai amfani da magani don ya ɗaga ranar zuwa gareji. Mota tana baƙin hayaƙi, ƙarfi ya ragu, tana wahalar tashi, sai a yi ta zuba kwalba wata bayan wata. Na san dalili, tsayar da mota asara ce, ga iyali ga bashi. Amma baƙin hayaƙi yana iya zama filtar iska ce ta toshe, ko tobo, na'urar da ke cusa wa injin iska, ya gaji, ko wani tiyon iska ya fashe, kuma ba ɗaya daga cikinsu da maganin tanki ke kaiwa gare shi. Nozul ɗin da ya cinye ba ya tsirowa. Idan kuma ɗiga yake yi, man yana wanke jikin silinda, yana gangarawa ya tsinka baƙin mai, wani lokaci ya ƙona kan fistin, gyaran nozul ɗaya ya koma sauke injin gaba ɗaya. Idan kana zargin dauɗa ce, ba mai wanke nozul dama na tanki ɗaya ko biyu, a awon da aka rubuta. In ba ka ga sauyi ba, kai ta wurin makanike a sa mata kwamfuta, a gwada nozul ɗin a kan na'ura. Ka tafi masa da tsohuwar filtar, da ɗan man da ka tara daga gindin tanki a kwalbar gilashi, da sunan duk abin da ka zuba da ranar da ka zuba shi.