Ka Biya Kuɗin Akori-kura Mai LSD An Ba Ka Marar Shi: Kurakuran Da Ake Yi Wajen Komawa Gun Dillali

Jama'a wannan abin yana ci min tuwo a ƙwarya, mutum ya tara kuɗinsa da guminsa ya sayi Hilux ko F-150 ko Silverado don aikin gona ko ɗaukar kaya a hanyar ƙauye, dillali ya ce masa ai Alhaji wannan mai LSD ce ba ta kafewa, sai damina ta sauka motar ta shiga taɓo, taya ɗaya ta baya tana ta wulwulawa tana feso laka ɗayar kuma tana tsaye ƙyam. To ga wanda bai sani ba, a tsakiyar aksil ɗin baya akwai difaranshal, shi ke raba ƙarfin inji ga tayoyin biyu, na gama-gari idan taya ɗaya ta rasa abin kamawa to ita ce za ta yi ta juyi a banza, shi kuma LSD, wato difaranshal mai rage zamewa, yana riƙe mai zamewar ya tura wa wadda ke kan ƙasa mai ƙarfi rabonta. Wannan bambancin ka biya wa kuɗi, kuma haƙƙinka ne ka nema.

Babban kuskure shi ne komawa wajen dillali da zafin rai ba hujja a hannu. Kana cewa motata ta kafe zai ce maka yallaɓai tayoyinka ne suka suɗe, ko direbanka ne bai iya ba, shikenan an bar maganar ƙarfe an koma musu. Motar da kanta za ta ba ka shaida in ka san inda za ka duba. A Ford buɗe ƙofar direba, akwai sitika a jikin ginshiƙin, nemi wurin da aka rubuta AXLE. A F-150 da yawa in ka ga 19 to na gama-gari ne mai lissafin haƙora 3.55, H9 kuwa 3.55 ne mai LSD, haka a wajen 3.73, 26 na gama-gari ne B6 mai LSD, masu farawa da L irin L9 da L6 kuma makulli ne na lantarki da ke haɗe tayoyin biyu su juya tare. Tsofaffin ma akwai ɗan ƙarfe maƙale da noti a murfin difaranshal ɗin, in ka goge ƙurar ka ga an buga 3L55 to wannan L ɗin na tsakiya shi ne alamar. A Silverado da Sierra lambar da ake nema G80 ce, wato difaranshal mai kulle kansa in taya ta zame, a tsofaffin tana jikin takardar da ke manne cikin akwatin gaban fasinja. Ka ɗauki hoton duka, ka haɗa da lambar sasi mai harafi da lamba 17, domin da ita ake ciro takardar da kamfani ya lissafa abin da ya saka wa motar ranar da ta fito.

Amma fa kar ka tsaya a sitika, musamman a tokumbo. Motar da ta yi hatsari a Amurka aka yi gwanjonta ta biyo ta Kwatano ko Legas, tana iya zuwa da sitikarta daidai alhali an canza aksil ɗin gaba ɗaya a hanya. Ka kai wa bakanike ya tare tayoyin gaba da kyau, ya ɗaga na baya duka biyun, giya a firi, a sauke birkin hannu, a juya taya ɗaya da hannu. In ɗayar ta bi ta suka juya gefe guda to akwai LSD mai kuloci, in ta juya baya to ana zargin na gama-gari ne. Nan ma mutane na yin kuskure, suna ganin ta juya baya sai su ruga su yi wa dillali tijara, alhali G80 in ka juya shi a hankali da hannu kamar na gama-gari yake yi, sai taya ta zame da gudu yake kamawa, haka LSD ɗin da kulocinsa ya cinye. In gwajin ya bar ka da kokwanto a zubar da man difaranshal ɗin a buɗe shi, ido ya gani, a ɗauki bidiyo motar da lambarta suna ciki.

Wani abin kuma, fo-wil, wato mota mai ja da tayoyi huɗu, daban LSD daban. Wallahi dillalai da yawa su kansu ba su san bambancin ba, ba duka ne mayaudara ba. Mota na iya zama fo-wil amma gaba da baya duk difaranshal na gama-gari ne. Sannan maɓallin nan na Auto LSD da ke cikin Tacoma da Tundra ba wani ƙarfe ba ne a cikin aksil, kwamfutar motar ce ke matse birkin tayar da ke zamewa, yana taimakawa amma ba shi ne wanda ake magana ba, kar a nuna maka shi a ce ga shi nan.

Sai batun rasit, wanda shi ne ke kayar da yawancinmu. An yi ciniki da baki, an ce Allah ya sa albarka, rasit bai ɗauke da komai sai sunan mota da kuɗi. In har ba ka riga ka biya ba, ka sa a rubuta LSD ɗin a jiki kafin ka ba da ko kafin alƙalami. In ka riga ka biya, koma WhatsApp ɗinka, tallan da ya sa a Facebook, saƙon muryar da ya ce maka komai akwai, ka adana su yau kafin a goge, sannan ka tuna wa ke wurin lokacin da aka yi maganar.

Ranar zama kar ka ɓata lokaci da yaron da ya nuna maka motar, shi la'adarsa ya ci ba shi da ikon mayar da ko sisi. Mai wurin za ka nema, ka je da dattijo ɗaya da bakanikenka, a gaisa sosai, ka ce ranka ya daɗe ga abin da aka ce min ga abin da na samu, ka miƙa hotunan ka yi shiru. Kar ka kira shi ɓarawo a gaban yaransa, mutumin da ka kunyata ya gwammace ya yi asara da ya ba ka gaskiya. Kuma dan Allah ka je da farashi a rubuce, ka tambayo Ƙofar Ruwa ko Fanteka nawa ne kayan, nawa ne aikin hannu, nawa ne mai, domin in ka ce masa to ya za a yi, shi zai yanka maka abin da ya ga dama, ya ce a ba ka sabis kyauta ko kafet ɗin ƙasa. Abu uku ne kawai a tebur, ko ya karɓi motarsa ya dawo da kuɗinka, ko ya rage maka cikakken kuɗin gyaran, ko a saka LSD ɗin da kuɗinsa a garejin da kai ka yarda da shi. Malamai ma sun faɗa, in aka sharɗanta siffa a ciniki ba a same ta ba mai saye yana da zaɓin mayarwa.

In ya ce kawo yarana su saka maka, nan ne ake tafka asara. Saita haƙoran difaranshal aikin gwani ne, in aka kuskure motar za ta riƙa kuka a kan titi har ta cinye haƙoran. In aksil ɗin gaba ɗaya za a canza a fo-wil, dole lissafin haƙoran baya ya yi daidai da na gaba, 3.55 da 3.55, in ba haka ba ranar da ka saka fo-wil za ka ji a jikinka. LSD mai kuloci kuma yana son mansa na musamman, in aka zuba masa man giya kowane iri zai riƙa gurnani a kwana. Kar kuma ka yarda a yi maka walda a haɗe haƙoran a ce an kulle, wannan cin taya ne da karya shaf.

Kar ka bar motar a hannunsa da alkawarin kaya na hanya ba rana a rubuce, kar kuma kai ka canza komai a aksil ɗin kafin a gama magana, zai ce kai ka cire. In ya ƙi sauraro ka fara da shugabannin ƙungiyar dillalan wurin, sau da yawa a nan ake kashe wutar, in ta ƙi sai ka kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, da hotunanka da rasit, dokar kare masu saye ta 2018 ta hana a sayar maka da kaya da siffar da ba tasa ba.