Yadda Ake Gane Ma'anonin "Way Out" da Yadda Ake Amfani da Su

Duk wanda ya sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Landan, wanda ya fara aiki a 1863, abin da idonsa zai fara nema shi ne baƙin allon nan mai rubutun ruwan ɗorawa da ke cewa "Way out", da kibiya tana nuna inda matakala take. A Amurka "Exit" zai gani. Ma'anarsu ɗaya ce, wato hanyar fita, sai dai ta biyun an aro ta ne daga harshen Latin, kuma ko a Ingila ita ake rubutawa a ƙofar tsira daga gobara, a ce "fire exit".

Bahaushe ya taki sa'a a nan, domin kalmarmu ta "mafita" ta ɗauki ƙofar gini, ta kuma ɗauki kuɓuta daga matsala, kamar dai yadda "way out" ta yi. Abin da mai koyo zai riƙa yi shi ne ya duba kalmar da ta gabace ta. Idan "a", "the", "no" ko "only" ce, to mafita ake nufi. "There is no way out" shi ne babu mafita, idan kuma ana son ambaton matsalar sai a biyo da "of", kamar "a way out of debt", hanyar fita daga ƙangin bashi. Jam'inta "ways out" ne, ba "way outs" ba.

A yi hattara da "the easy way out", domin akwai zargi a cikinta. Idan aka ce "he took the easy way out", ba yabon dabararsa ake yi ba, ana nufin ya guje wa wahalar da ya kamata ya fuskanta, kamar wanda ya ajiye aiki don kada a bincike shi. Kada mutum ya yi wa abokinsa barka da ita.

Inda na fi ganin ana tuntuɓe shi ne "on the way out". Tana nufin mutum yana kan fita, amma tana kuma nufin abu ya kusa daina yayi, ko ma'aikaci ya kusa rasa kujerarsa, wani lokaci har da majinyacin da aka fid da rai da shi. Na taɓa ji wani matashi a bakin ofis yana gaya wa baƙo cewa maigidansa "is on his way out", sai baƙon ya rage murya yana tambayar wanda zai gaje shi, alhali bawan Allah masallaci kawai zai je. Maganin wannan shi ne a ambaci wurin, a ce "on his way out of the office", ko a taƙaita da "he is just leaving".

Akwai kuma inda "way" ba hanya take nufi ba, ƙarfafa magana kawai take yi, kamar "can" a Hausa. "Way out in the desert" shi ne can cikin hamada, "way out of line" kuwa an wuce gona da iri ke nan. Waɗannan na hira ne, ba a sa su a takardar neman aiki. Haka ma "way-out" mai karan ɗori, wadda ke siffanta abin da ya saɓa wa al'ada, tsohon yayi ce ta shekarun 1960.

Masu fassara a Najeriya sukan mayar da "way forward" da "way out" duka zuwa "mafita", kuma a ganina wannan yana ɓatar da bambanci mai amfani. Wanda ya maƙale yake neman kuɓuta, "way out" yake bukata. Taron da ya zauna tsara matakin da za a ɗauka nan gaba, "way forward" yake tattaunawa, ko da babu wata matsalar da ta ritsa da shi.