Yadda za ka sanyaya ruwan kifin ado da fankar kwamfuta

Duk mai ajiye kifin ado a akwatin gilashi nan Maradi ya san watan Afrilu da Mayu ba wasa, zafi na wuce digiri 40, su kuwa yawancin kifayen nan 24 zuwa 28 suke so, in ruwa ya ɗau zafi sai ka gansu a sama suna haki don iska ta yi ƙaranci.

Nemo fankar tsohuwar kwamfuta guda biyu masu 12V wajen masu gyara, da caja 12V, sai wata 'yar na'ura W1209 mai auna zafin ruwa ta kunna ko ta kashe fanka da kanta. Ɗaure fankokin a bakin akwatin su riƙa hura saman ruwan a karkace, ka buɗe murfi, tururin da ke tashi shi ke tafiya da zafin. Kan ma'aunin ka tsoma shi cikin ruwa, a saitin na'urar P0 ka sa shi a C, wato sanyayawa, ka saita digiri 27. Amma fa lura, K0 da K1, wuraren ɗaura waya a jikin na'urar, makunni ne kawai basa bada wuta, dole wayar caja ta bi ta cikinsu ta kai ga fanka.

Zai rage maka digiri 2 zuwa 4, da damina bai kai haka ba saboda laima. Ruwa zai dinga raguwa sosai, kullum ka ƙara wanda ya kwana a bokiti, kuma don Allah soket ya yi nesa da ruwa.