Darasi na Bakwai: Filin Gwamnati da Gidajen Masu Ƙaramin Ƙarfi

Duk mai zaman haya a Kano ya san saƙon da ke zuwa a ƙarshen shekara: an ƙara kuɗi, in ba za ka iya ba ka tashi. Haka iyalai da yawa suka bar Fagge da Gwammaja da cikin birni, suka koma bayan gari suka sayi awon igiya. Fuloti ne babu titi, babu magudanar ruwa, babu filin makaranta. Damina na sauka, ruwa ya shiga ɗaki. Shi ya sa idan aka ji gwamnati za ta gina gidaje masu rahusa a wani fili, maganar tamu ce.

Wa ke riƙe da ƙasa?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, amma amana aka ba shi don amfanin jama'a. Filayen birni suna ƙarƙashin gwamna kai tsaye, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke bayar da izininsu. Ƙwaryar Kano tana da ƙananan hukumomi 8: Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. A filin da aka ayyana a matsayin birni, ciyaman ko kansila ko mai unguwa ba shi da ikon ba ka takardar mallaka. Takardar da mai unguwa ya sa wa hannu shaida ce an yi ciniki. Tana da amfani, a adana ta, amma ba ita ce C of O ba, wato takardar mallakar fili da gwamna ke bayarwa.

Ma'aikatar Ƙasa ce ke kula da rabon filaye, hukumar bayanan filaye ta Kano, wato KANGIS, ke ajiye bayanansu a kwamfuta. Hukumar tsara birane ta Kano, wato KNUPDA, ke duba tsarin unguwa da ba da izinin gini. Hukumar Gidaje ta Jihar Kano kuma aikinta ginawa da sayarwa.

Ba yau aka fara ba

Kano ta ga rukunin gidaje irin su Kundila da Shagari Kwatas da Ɗanladi Nasidi. Tsakanin 2011 da 2015 aka gina Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo. Gini dai an yi. Abin da ya kamata mu riƙa tambaya a kowane sabon aiki shi ne, shin tela ko mai shayi ko bazawara mai 'ya'ya biyar za su iya mallaka? Gidan da za a biya kuɗinsa a dunƙule lokaci ɗaya ba na talaka ba ne, ko da an kira shi mai rahusa. Haka ma wanda ke nesa da kasuwa da asibiti, don abin da aka rage maka a farashi zai tafi a kuɗin adaidaita sahu.

Mai albashi yana da wata hanya. Tun 1992 akwai Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashi, kuma mai zubi zai iya neman rancen gida. Rancen yana da kuɗin ruwa, don haka a nemi bayani sosai kafin a sa hannu.

Idan gonarka aikin ya ci

Doka ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, tare da biyan diyya. A nan mutane suka fi yin asara. Doka ta fi duba abin da ke kan filin: gini, rijiya, bishiyoyi, amfanin gona. Ranar da ma'aikata za su zo ƙiyasi, kada ka aika yaro. Ka je da kanka, ka ƙirga bishiyoyinka a gabansu, ka ɗauki hoto da waya, kuma kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba.

Lokacin magana shi ne kafin a haƙa tushe. Bayan an yi rufi an raba makullai, koke ba ya gyara komai. Kuma takarda ɗaya mai hannun mutum talatin ta fi ƙorafin majalisar hira nauyi.

Aikin karatu da rubutu

Ku karanta wannan wasiƙa da ƙarfi, sannan kowa ya kwafe ta a littafinsa:

Zuwa ga Mai Girma Kansila,
Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, mu mazauna wannan unguwa mun ji za a gina gidaje a filin gwamnati da ke kusa da mu. Muna roƙon a sanar da mu gida nawa za a gina, nawa ne kuɗin kowanne, kuma ko za a yarda a biya kaɗan-kaɗan. Ta wace hanya za a zaɓi waɗanda za su samu? An ware wurin makaranta da maƙabarta da magudanar ruwa? Muna neman a kira taro a gaban mai unguwa da dagaci, a gayyato mata ma. Mun gode.

Yanzu ka ƙara tambaya ɗaya taka a ƙasan wasiƙar, ka rubuta kwanan wata, ka sa hannu. Idan za ku kai ta ofis, ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimi a ɗaya ku dawo da shi.