Yadda za ka zaga New York da ƙafa ka ga inda baƙi suka sauka da inda aka ci kuɗinsu

Idan ka zo New York kuma kana da yini guda, ga hanyar da nake bi da baƙina daga Bronx. Sa takalmi mai taushi, don yawancin tafiyar da ƙafa ce. Hau jirgin ƙasa mai lamba 4 ko 5, ka sauka a Bowling Green, can ƙarshen Manhattan.

Fara da Castle Clinton, wani zagayayyen gini a bakin ruwa. Mutane suna shiga su sayi tikitin jirgin ruwan Ellis Island su wuce, ba su san cewa nan ne ƙofar farko ta masu ƙaura zuwa Amurka ba. Daga 1855 zuwa 1890, lokacin ana kiransa Castle Garden, baƙi kusan miliyan 8 suka bi ta nan, da yawansu 'yan Ayalan da Jamusawa. Sai a 1892 aka buɗe Ellis Island, tsibirin da aka koma karɓar baƙin. Ni shawarata ka bar tsibirin sai wata rana, layinsa kaɗai zai cinye maka safiya.

Kana tafe arewa a kan Broadway, riƙe wannan lissafi a ranka. A 1800 mutanen garin ba su fi 60,000 da 'yan kai ba. Zuwa 1860 sun haura 800,000, kusan rabinsu haihuwar wata ƙasa. Gwamnati ba ta tanadar musu abin kirki ba. Wanda ya tanada shi ne Tammany Hall, ƙungiyar da ke juya jam'iyyar Democrat a garin a wancan lokacin. Wakilinta na unguwa zai samo maka aiki, ya kawo gawayi cikin sanyi, ya yi belin ɗanka, ya kai ka gaban alƙali a ba ka takardar zama ɗan ƙasa. Gab da zaɓen 1868 alƙalansu sun riƙa rantsar da baƙi dubbai. Abin da ake so a wurinka ƙuri'a ce, wani lokaci fiye da sau ɗaya. Ba na ganin wautar talakan da ya karɓa, domin mai jin yunwa ba ya tambayar daga ina tuwo ya fito.

A lamba 52 a titin Chambers, bayan ofishin magajin gari, nan za ka daɗe. Kotu ce da har yau ake kira da sunan William Tweed, uban tafiyar Tammany. An ware mata dala 250,000, aka fara gini a 1861, ta lashe kimanin dala miliyan 12, kuma ba a gama ta ba sai 1881. Dabarar ba ta da wuya: ɗan kwangila ya ninka kuɗin aiki, baitulmali ya biya, shi kuma ya mayar wa su Tweed kaso mafi tsoka. Wani mai shafe, Andrew Garvey, an rubuta masa sama da dala 130,000 na aikin kwana 2. Yanzu hukumar ilimi ta birnin ce a ciki, don haka kada ka sa rai za a bar ka ka kutsa. Tsaya a matakala ka ƙare wa ginshiƙan kallo.

Asirin ya tonu a Yulin 1871, da New York Times ta buga ainihin takardun kuɗin, mai zanen barkwanci Thomas Nast kuma yana zana Tweed da ƙaton tumbi a Harper's Weekly, zanen da ko wanda bai iya karatu ba zai gane.

Daga nan ratsa Columbus Park a unguwar 'yan China. A da nan ce Five Points, matattarar talauci, amma ba abin da ya rage, kada ka ɓata lokaci.

Nufi titin Orchard, lamba 97, gidan haya na 1863 da aka mayar gidan tarihi, Tenement Museum. Sayi tikiti ta intanet tun kafin ranar, ba a shiga sai da ɗan rakiya. Mutum kusan 7,000 suka zauna cikinsa kafin 1935, iyali guda a ƙananan ɗakuna 3, da farko ba famfo ba bayi sai a tsakar gida. Waɗannan ne masu ƙuri'ar, kuma kuɗin garinsu ne ya tafi a shafen kotu.

Layi ɗaya gabas akwai titin Ludlow. A kurkukun da ke nan a da Tweed ya mutu a Afrilun 1878, bayan an tsare shi, ya tsere a 1875, aka kamo shi a Vigo ta ƙasar Sifen. Makaranta ce a wurin yanzu.

In da sauran ƙarfi, wuce Union Square lamba 44, hedikwatar da Tammany ta gina a 1929, shekara 50 da ɗoriya bayan mutuwar Tweed. Ƙungiyar ba ta fara durƙushewa sosai ba sai da Fiorello La Guardia, wanda ya taɓa yin tafinta a Ellis Island, ya ci zaɓen magajin gari a 1933. Za ka gane ginin da rufin gilashi mai siffar ƙoƙon kunkuru, tsallaka titi ka fi ganinsa.