Yadda ake tafiyar da lambunan haya na ƙaramar hukuma a Gombe

Dokar filaye ta 1978 ta bai wa ƙananan hukumomi ikon ba da filin noma a wuraren da ba birane ba. A Yamaltu/Deba, inda madatsar Dadin Kowa ta tare kogin Gongola, ko a yankin madatsar Balanga, ruwa ba shi ne matsalar lambunan da ake yanka wa jama'a haya ba. Abin da ke kashe su shi ne kayan tarayya: injin ban ruwa, hanyar ruwa da shinge. Kowa na amfani da su, amma ranar gyara sai a rasa mai su.

A fara da awo. Hekta ɗaya tana ba da filaye 20 masu mita 20 da mita 25, amma idan aka cire hanyar ruwa da ta ƙafa, 17 ko 18 za su rage. A kafa turaku, a ba kowane fili lamba, a rubuta sunan mai shi a littafi biyu, ɗaya a sashen noma na ƙaramar hukuma, ɗaya a hannun kwamitin lambu. Rabon ya kasance a gaban mai unguwa da sarkin noma. Kuma a rubuta ƙarara cewa haya ce ta shekara, ba a sayarwa, ba a jinginarwa, ba a gado. Rigimar da ta fi wuyar kashewa ita ce ta filin da aka bari baki da baki har mai shi ya rasu.

Sai kuɗi, kuma nan ne ya kamata a zauna sosai. A karɓe su a watan Oktoba, lokacin kaka, kafin kowa ya sa fartanya. Wanda ya ce zai biya idan ya sayar da tumatir, yawanci ya sayar ne lokacin da kwando ya faɗi warwas a kasuwa. Kuɗin haya na ƙaramar hukuma ne, da rasit. Kuɗin aiki kuwa na kwamiti ne, a asusun banki mai sa hannun mutum uku, kada a gauraya su.

Ga yadda ake lissafin kuɗin aikin. Injin fetur mai inci 3 yana shan lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa. Idan hekta na buƙatar awa biyu a rana har kwana 100, awa 200 ke nan, wato lita 200 zuwa 300. A ninka da farashin ranar, a ɗora wani abu a kai, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 farashi bai cika tsayawa wuri ɗaya ba. A ƙara baƙin mai, fulogi, tiyo da albashin mai gadi. Daga nan a ware kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin aikin a ajiye don sayen sabon inji. Mu a ganinmu wannan ajiyar ta fi komai muhimmanci, kuma ita ake fara cinyewa. Masu famfon sola ma kada su ce sun huta, famfon yana lalacewa, faifan kuma yana son tsaro, da kuma wanki saboda ƙura.

Inji mutum ɗaya zai riƙa tayarwa. Ya cika cikin famfon da ruwa kafin ya ja igiya, don idan ya juya a bushe robar da ke tare ruwa za ta ƙone, ya fara yoyo. A juye baƙin mai bayan awa 20 idan inji sabo ne, daga nan duk awa 50 a lokacin hunturu, saboda ƙura. Bakin tiyon zuƙa ya kasance da rariya, a ɗaure shi da sanda ya ɗaga daga ƙasa. Idan ya kwanta a yashi, cikin 'yan makonni yashin zai cinye farfelar. In ruwan rijiya ya yi ƙasa fiye da mita 7, injin ba zai iya zuƙo shi ba. A haƙa rami a sauke shi kusa da ruwan, kada a yi ta ƙara masa wuta.

Hanyar ruwa a yashe ta gayya kafin shuka, a sake a tsakiyar rani. Wajen rabon ruwa, yau a fara da na ƙarshen layi, gobe da na farko. In ba haka ba, na kusa da inji komayensa za su yi ta ambaliya har gishiri ya fito fari a ƙasa, na can ƙarshe kuwa albasarsa tana ƙuna.

Shinge kuma a duba burtali da mashaya tukuna, a zauna da arɗo kafin a kafa darni, domin shingen da ya tare hanyar shanu ba ya kwana biyu a tsaye.

Filin da aka bari ya yi kwana 30 ba aiki, a aika wa mai shi takarda ta hannun mai unguwa. In ya ƙara makonni biyu shiru, a ba na gaba a jerin masu jira, domin ciyawa da ƙwarin da suka taru a wurin kan maƙwabtansa za su faɗa.