Yadda ake binciken asali da darajar tsohuwar lambar tunawa

Lambar tunawa ba kuɗin kashewa ba ce, shi ya sa ba a rubuta mata ƙima a jiki kamar sulalla. Ana buga ta ne domin naɗin sarauta, ko ƙarshen yaƙi, ko buɗe gada, ko babban baje koli. Wanda ya tsince ta a cikin kayan gado, abin da ke fara zuwa bakinsa shi ne "nawa za ta yi?" Wannan tambaya a ƙarshe ake yin ta. Sai ka san mece ce, wa ya yi ta, yaushe aka buga ta, sannan maganar kuɗi ta samu gindin zama.

Kafin komai, kada ka wanke ta. Ba sabulu, ba man goge ƙarfe, ba buroshi. Duhun nan da shekaru suka shimfiɗa a kanta shi masu tara lambobi ke nema, kuma idan aka goge shi ya tafi ke nan. Riƙe ta ta gefe, a kan tsumma mai laushi. Auna faɗinta da milimita, nauyinta da giram, ka rubuta. Ɗauki hoton gaba da baya da kuma gefen, a hasken da ya zo ta kaikaice domin ƙananan rubutu su fito.

Sai karatu. Kwafe duk abin da ke jikinta harafi da harafi, ko da ba ka fahimce shi ba. Lambobin Turai da yawa da Latin aka rubuta su, shekarar kuma da alƙaluman Romawa: M dubu ne, D ɗari biyar, C ɗari, L hamsin, X goma, V biyar, I ɗaya, kuma ƙaramin alƙalami idan ya zo kafin babba ragewa ake yi. MCMXXXVII na nufin 1937. Idan ta Daular Usmaniyya ce, shekarar Hijira za ka gani. Ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka samu ta Miladiyya ko kusa da ita: 1293 ta faɗo a 1876. Duba kuma ƙarƙashin wuyan hoton da gilashin ƙara girma, domin nan mai zanen ya fi ɓoye sunansa, wani lokaci da F. ko FECIT (wato "shi ya yi" da Latin) a bayansa. Da wannan suna za ka iya neman sa a kundin Leonard Forrer na masu sassaƙa lambobi, wanda har yau ake dogaro da shi.

Yanzu juya ta ka dubi gefen, wurin da mutane suka fi tsallakewa, alhali nan gaskiyar take. Shekarar da ke fuskar lamba shekarar abin da ake tunawa ce, ba lallai shekarar da aka buga ta ba. Gidan buga kuɗi na Faris, Monnaie de Paris, ya daɗe yana sake buga tsofaffin lambobi ga masu saye, kuma tun 1832 yake sa ƙaramar alama a gefe. Alamar ƙudan zuma na nuna an buga ta tsakanin 1860 da 1879. Ƙaho mai cike da amfanin gona kuma daga 1880 zuwa yau, galibi tare da sunan ƙarfen, BRONZE (tagulla) ko ARGENT (azurfa). To, idan lambarka na ɗauke da fuskar Napoleon amma akwai ƙahon nan a gefenta, ba a zamaninsa aka buga ta ba, domin ya mutu tun 1821. Ba jabu ba ce, gidan ne da kansa ya buga ta, sai dai darajarta ba ta kai ta bugun farko ba. Azurfar Ingila ma na da nata hatiman: zaki mai tafiya shaida ce ta azurfa mai kashi 925 cikin dubu, anka, wato ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa, ta birnin Birmingham ce, kan damisa na Landan, ga kuma harafi guda da ke nuna shekara.

Daga nan ka tantance ko bugu ce ko zubi. Lambar da aka buga da injin matsi haruffanta na da kaifi, filinta sumul. Wadda aka kwafa ta hanyar zubi takan zo da ƙananan ramuka kamar na yashi, haruffa a dakushe, wani lokaci da siririn layi a gefe inda ɓangarori biyu suka haɗu, kuma takan ɗan gaza ta asali a faɗi. A nan awon da ka yi tun farko zai yi maka rana. Amma a yi hattara: lambobin Italiya na ƙarni na 15, irin wadda mai zane Pisanello ya yi wajen 1438, dama can zubi ne.

Ƙarfen fa? Maganaɗisu ba ya kama azurfa, ko tagulla, ko zinariya. Idan ya kama, akwai baƙin ƙarfe ko nikel. Rashin kamawar bai isa shaida ba, don haka kwatanta nauyinta da abin da kundi ya faɗa. Kada ka kankare ta, kada ka ɗiga mata asid.

Da waɗannan bayanai a hannu sai ka shiga neman 'yar'uwarta. Rubuta kalmomin da ka kwafa a intanet yadda suke. Gidan tarihi na British Museum da ƙungiyar American Numismatic Society sun sa hotunan tarinsu a shafukansu, akwai kuma shafin masu tara sulalla da lambobi na Numista. Ga lambobin Birtaniya, kundin Laurence Brown ya ƙunshi 1760 zuwa 1960, kuma dillalai kan ambaci kundin da haruffan BHM. Kada kamannin hoto ya ishe ka. Sai faɗi da nauyi da ƙarfe duk sun yi daidai, domin zane guda ana iya buga shi da zinariya kaɗan, azurfa da ɗan dama, tagulla kuwa birjik.

Batun ƙaranci shi ya fi yaudarar mutane. Tsufa daban, ƙaranci daban. Sarki Edward na Takwas na Ingila ya sauka daga mulki a Disambar 1936, kafin bikin naɗinsa da aka tsara yi ranar 12 ga Mayu 1937. Mutum zai ce lambar naɗin da bai auku ba ai abin nema ce. Amma kamfanoni sun riga sun buga su da yawan gaske, mutane kuma suka adana su da wannan tunanin, shi ya sa mafi yawansu ba sa wuyar samu. Ka nemi adadin da aka buga, idan an rubuta shi, sannan ka duba sau nawa irinta ta fito gwanjo a shekarun baya. Ko da ta yi ƙaranci, sai akwai masu son ta take yin tsada.

Sai yanzu aka zo kan kuɗi. Farashin da mai talla ya rubuta burinsa ne kawai. Abin da aka biya shi ne hujja. Gidajen gwanjo irin su Spink, Noonans, Heritage da Künker na ajiye sakamakon cinikinsu, kasuwar intanet ta eBay ma na nuna kayan da aka riga aka sayar. Tara misalai da dama masu lafiya irin ta taka, ka lura ko an haɗa da ladan gidan gwanjon. Huda, da rauni a gefe, da alamar gogewa duk suna karya farashi. Akwatinta na asali, da ƙyallen ratayewa, da takardar da ta nuna wanda aka ba, suna ɗaga shi, don haka kada ka raba su da ita.

Idan alamu sun nuna mai daraja ce, kai ta wurin masani, zai fi kyau wanda ba shi ne zai saya ba, ka kuma ji ta bakin na biyu. Kafin nan ajiye ta a busasshen wuri cikin ambulan marar asid, ba cikin roba mai laushi ta PVC ba, wadda ke barin koren danƙo a jikin ƙarfe.